Yadda Ake Fid da Mota Idan Ta Kafe Cikin Dusar Ƙanƙara

Na san wanda ya ji kan maganar nan zai yi murmushi, ya ce me ya haɗa mutumin Gumel ko na Argungu da dusar ƙanƙara, abin da ko kakansa bai taɓa gani ba? Tambayar tana kan hanya, saboda haka da amsarta zan fara.

A zamanin nan da wuya a sami gundumar da ba ta da ɗa ko ɗiya a ƙasashen sanyi. Waɗansu suna karatu a Ingila, ko Kanada, ko Rasha, ko Turkiyya, waɗansu kuwa aiki ya kai su, likitoci da injiniyoyi da masu tuƙin motocin haya. Da yawansu sukan zo su yi sallama da hakimi kafin su tashi, a yi musu nasiha game da riƙon mutunci da kiyaye dokar ƙasar mutane. Amma ba safai akan gaya musu cewa sanyin can yana kisa ba, kuma yakan kashe mutum yana zaune cikin motarsa, a gefen babbar hanya. Bayan wannan kuma, dabarar da mutanen can suke fid da mota da ita daga dusar ƙanƙara, kusan ita ce wadda direbobinmu suke bukata ran da mota ta kafe a rairayi ko a laka. Wanda ya fahimci ɗaya ya kama hanyar fahimtar ɗayar.

Da farko sai mu rarrabe ta da ƙanƙarar da muka sani. Wadda takan zubo mana da damina dunƙulalliya ce, mai tauri kamar tsakuwa, ta faɗo ta narke nan da nan. Dusar ƙanƙara kuwa tururin ruwa ne da ya daskare tun a cikin gajimare, sai ya riƙa saukowa a hankali, fari fat, kamar audugar rimi, babu ƙara. Tana da sauƙin nauyi ƙwarai, har idan ta taru kimanin santimita 10 aka narkar da ita, ruwan da za a samu bai cika wuce santimita 1 ba. Amma da yake ƙasar ta yi sanyi, ba ta narkewa, sai ta yi ta taruwa bisa kanta, iska kuma ta kwashe ta ta jibge a kwari da gefen hanya, kamar yadda takan tara rairayi a jikin danga. A Ingila an yi wani hunturu da har yanzu tsofaffi suke ba da labarinsa, wanda ya kama daga ƙarshen Disamba 1962 bai saki ƙasar ba sai farkon Maris 1963. A shekarar nan har bakin teku ya daskare a waɗansu wurare, ƙauyuka da yawa hanyarsu ta toshe. Ko a nahiyarmu ma ba a rasa ta ba: tana sauka a duwatsun Atlas na Maroko da ƙasar Lesoto, ta kuma taɓa rufe tudun rairayi a garin Ain Sefra na Aljeriya a 1979, da 2016, da 2018.

To, me ke sa mota ta kafe? Mota ba ta tafiya don ƙarfin inji kaɗai. Tana tafiya ne domin tayarta ta kama ƙasa ta tura ta baya. Idan abin da ke ƙarƙashin taya ya zama mai santsi, ko mai zamewa, ƙarfin injin duka ya tashi a banza. Littafin dokokin hanya na Ingila ya faɗa wa direbobi cewa nisan da mota take bukata kafin ta tsaya a kan ƙanƙara yakan kai ninki 10 na busasshiyar hanya. Abin da ke hana ta tsayawa shi ne ke hana ta tashi.

A nan ne baƙo yakan yi kuskuren da ya fi kowanne ɓarna, ni ma na yi shi. Shekarar da na fara zama a arewacin Ingila, na fita da wata 'yar tsohuwar mota da yamma, na bi wata ƙaramar hanya ta cikin gonaki, sai ƙafar gaba ta faɗa inda iska ta tara dusar. Abin da zuciyata ta ba ni shi ne in taka totur iya ƙarfina. Inji ya yi ta kuka, taya ta yi ta juyawa, motar kuwa sai ƙara nitsewa take yi. Ina cikin haka wani dattijo manomi ya iso da karensa, ya ƙwanƙwasa gilashi, ya yi mini alama in ɗaga ƙafa. Da na fito ya nuna mini ramin da na haƙa wa kaina. Zafin juyawar taya ya narkar da dusar da ke ƙarƙashinta, ruwan ya sake daskarewa, ya zama ƙanƙara sumul kamar madubi. Watau da ƙafata na mai da ƙaramar wahala babba. Bai yi mini faɗa ba, ya koma gida ya ɗauko shebur da bokitin toka. Cikin ɗan lokaci kaɗan muka fita.

Saboda haka abu na fari shi ne, da zarar direba ya ji taya tana juyawa mota ba ta gaba, ya ɗaga ƙafarsa. Ya kunna fitilun gargaɗi, ya duba ko wata mota tana tafe, sa'an nan ya fito ya zagaya ya ga abin da ya riƙe ta. Sau da yawa ba tayoyin ne kaɗai ba. Dusar takan cushe ƙarƙashin motar har cikinta ya hau kai, nauyin ya tashi daga kan tayoyi. Motar da cikinta ya zauna, ko wane irin inji gare ta, ba za ta motsa ba sai an kwashe abin da ta hau.

Sai a shiga haƙa. A kwashe dusar gaban kowace taya da bayanta, tsawon taku ɗaya ko biyu, a yi mata gangare mai sauƙi, kada a bar ta cikin rami mai tsayayyen baki. A kwashe ta ƙarƙashin motar, a kuma buɗe bakin salansa, wanda zan koma kansa nan gaba domin a nan rai yake. Wanda ba shi da shebur ya yi da abin da ya samu, ko murfin taya, ko katako. Sai dai ina jan kunnen masu shekaru da masu ciwon zuciya: kwasar dusar ƙanƙara aiki ne mai nauyi, sanyi kuma yana matse jijiyoyin jini, ko wace shekara a ƙasashen nan akan sami waɗanda zuciyarsu ta tsaya suna riƙe da shebur. A yi kaɗan a huta. Kada kuma a yi aiki har gumi ya jiƙe tufafi, domin jiƙaƙƙiyar riga cikin wannan sanyi tana da haɗari ƙwarai.

Bayan haƙa sai a ba taya abin kamawa. Yashi, ko tsakuwa ƙanana, ko toka, ko rassan itace, ko buhu, ko kwali, duk suna yi. Mutanen can da yawa sukan ajiye jakar yashi a but saboda wannan rana. Idan babu ko ɗaya, a ciro shimfiɗar roba ta ƙasan motar a cusa ta ƙarƙashin taya, ta gefen da ake so a bi. Lalle a lura da ƙafafun da ke jan motar, domin su ake yi wa shimfiɗa. Yawancin ƙananan motoci na yanzu da ƙafafun gaba suke ja, amma a-kori-kura da manyan motoci da waɗansu motocin alfarma da na baya suke turawa. Na ga mutum ya ɓata rabin sa'a yana gyara wa ƙafafun da ba su da aikin komi sai bi. Gishiri yana narkar da ƙanƙara, shi ya sa hukumomin can suke barbaɗa shi a kan hanyoyi, amma yana ɗaukar lokaci, kuma idan sanyi ya wuce kimanin digiri 10 ƙasa da sifiri aikinsa ya ragu ƙwarai. Ruwan zafi kuwa kada a kusance shi. Zai narkar da dusar na ɗan lokaci, ya daskare ya fi da santsi, idan kuma aka watsa shi a gilashi yana iya tsaga shi.

Sa'an nan direba ya shiga, ya miƙe sitiyari sosai, domin tayar da aka karkata tana tura dusa a gabanta kamar garma. Ya sa giya ta biyu maimakon ta ɗaya, ya saki kuloci sannu sannu, ya taɓa totur kaɗan, kamar mai tsoron ta da barci. Dalilin giya ta biyu shi ne tana rage ƙarfin da ke isa taya, ba ta fizgar ta. Motar da ke canja giya da kanta, waɗansu suna da maɓallin hunturu da ke yin wannan aiki. Mafi yawan lokaci komawa da baya ta kan sawun da aka shigo ya fi sauƙi, domin tayoyi sun riga sun danne wurin.

Idan ba ta fita ba, sai a yi mata lilo. A matsa gaba kaɗan har inda ta tsaya, a taka kuloci a bar ta ta gangaro da kanta, a sa ribas a taimake ta ta hau bayan ramin, a sake komawa gaba. Ko wane zuwa tana ƙara nisa kaɗan, har ta sami ƙarfin da za ta haye. Amma a tabbata tayoyi sun tsaya cik kafin a canja daga gaba zuwa ribas, musamman a mota mai canja giya da kanta, in ba haka ba a fita daga dusa a faɗa hannun makanike. Idan an yi ta 'yan mintoci ba a ci nasara ba, a dakata inji da akwatin giya su huce. Littattafan da kamfanoni suke bayarwa tare da mota suna kuma gargaɗi kada a bar taya ta yi ta juyawa da gudu a wuri ɗaya, domin takan yi zafi har ta fashe ta ji wa na kusa rauni.

Akwai wani abu da yakan ɗaure wa mutane kai, ya kamata malamai su fahimce shi domin su bayyana wa direbobi. Sau da yawa za ka ga ƙafa ɗaya tana juyawa kamar mazari, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai kyau tana tsaye ba ta ko motsi. Ba lalacewa motar ta yi ba. Tsakanin ƙafafun nan biyu akwai wani haɗin haƙoran ƙarfe, makanikai suna ce da shi difaranshal, wanda aka yi domin ƙafar waje ta fi ta ciki gudu idan ana shan kwana. Halinsa shi ne yana raba ƙarfi daidai wa daida, saboda haka ƙafar da ke kan ƙasa mai kyau ba ta samun fiye da abin da mai zamewar ta iya riƙewa. Idan ɗaya tana kan santsi ba ta riƙe komi ba, ɗayar ma ba ta sami komi ba. Maganin abin shi ne a gyara wa wadda ke zamewa, ita za a cusa wa yashi ko buhu. Motocin daji irin su Land Rover da Land Cruiser, waɗansunsu suna da abin kulle wannan haɗi, ƙafafun su juya tare dole. Motocin zamani kuma suna da na'urar da ke rage ƙarfin inji da kanta idan ta ji taya tana zamewa. A kan hanya tana ceton rai, amma ga motar da ta kafe takan hana lilon da muka ambata, don haka akan kashe ta da maɓallinta na ɗan lokaci, a mai da ita da zarar an fita.

Game da masu turi, su ma akwai nasu ladabin. Su tura lokaci ɗaya da lilon motar, direba ya buɗe gilashi domin su ji juna. Kada kowa ya tsaya daidai bayan tayar da ke ja, domin katako ko dutsen da aka cusa yakan fito da gudu kamar an harba shi. Kada a tura mota daga ƙasan gangare inda za ta iya komowa kan mutane. Idan an sami wata mota da za ta ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka yi domin ja, ba a bamba ba, a ja a hankali ba da fizga ba, kowa kuma ya yi nesa, gama igiyar da ta tsinke tana dukan da ke karya ƙashi. Da mota ta fita kuwa kada direba ya tsaya murna a wurin, ya ci gaba har ya kai ƙasa mai ƙarfi, sa'an nan ya jira mutanensa.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na nemi a ba ni wannan dama. Akwai ranar da duk dabarun nan ba za su yi ba, domin dusar tana zuba fiye da yadda ake kwashewa, ko hanyar duka ta toshe da motoci. Haka ta faru a Sikotland a ƙarshen Fabrairu 2018, inda motoci wajen 1,000 suka kwana a kan babbar hanyar M80 kusa da Glasgow. A Janairu 2022 kuma, a garin Murree da ke kan duwatsu arewa maso gabas da Islamabad a Pakistan, dubban masu yawon buɗe ido sun hau domin su ga dusar ƙanƙara, ta rufe su a hanya, gari ya waye fiye da mutum 20 sun rasu cikin motocinsu, har da yara ƙanana. Waɗansu sanyi ne ya kashe su, waɗansu kuwa hayaƙin motarsu. Sun rufe gilasai, sun bar inji yana aiki domin su sami ɗumi, dusar ta taru ta toshe bakin salansa, hayaƙin ya rasa mafita ya komo cikin motar. A cikinsa akwai wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Ku hakimai kun san wannan guba ko da ba ku san sunanta ba: ita ce takan kashe iyali guda a ɗaki idan an kwana da janareta a ciki, ko an rufe ƙofa da kaskon gawayi lokacin hunturu.

Abin da hukumomin ƙasashen nan suke koya wa mutanensu shi ne, wanda dusa ta tsare kada ya bar motarsa, sai fa idan yana ganin gida kusa da idonsa. Cikin guguwar dusa sama da ƙasa sukan zama fari ɗaya, mutum ya ɓace taku kaɗan daga inda ya tashi. A guguwar da ta auka wa birnin Buffalo na Amurka a Disamba 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 40 a yankin, an tsinci waɗansu a waje cikin dusar, waɗansu a cikin motoci. Mai jira ya kira masu ceto, lambarsu 999 a Ingila, 911 a Amurka da Kanada, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. Ya ɗaura ƙyalle mai launi a inda za a hango. Ya kunna inji kamar minti 10 cikin ko wace sa'a, ba fiye ba, kuma kafin ko wane kunnawa ya fita ya buɗe bakin salansa, ya sassauta gilashi kaɗan ta gefen da iska ba ta bugowa. Ya rufa da duk abin da ya samu, ya riƙa motsa hannu da ƙafa. Idan suna da yawa su matsu da juna, su yi barci bi da bi, kada duka su kwanta lokaci ɗaya. Kada a ci dusar don ƙishirwa sai an narkar da ita, domin tana ƙara sanyaya jiki.

Wanda zai zauna a can ya kuma san dokar wurin. Akwai tayoyin hunturu, robarsu ba ta ƙandarewa da sanyi, zanensu kuma ya fi zurfi. A lardin Kebek na Kanada doka ta wajabta su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus dole ne a sa su duk ran da hanya take da dusa ko ƙanƙara. A hanyoyin duwatsun Alps akwai wuraren da alama take umurtar a ɗaura wa taya sarƙa, wadda ba a gudu da ita fiye da kimanin kilomita 50 a sa'a, kuma a koyi ɗaura ta a gida da rana, kada ya zama ranar farko ita ce cikin duhu da daskararrun yatsu. Shebur, da bargo, da tocila, da ruwa, da ɗan abinci, da igiyar ja, kada su bar but daga Nuwamba har Maris, tankin mai kuma kada ya sauka ƙasa da rabi.

Da na komo gida na ga direbobinmu a rairayin arewacin Yobe da Borno, da lakar fadamu cikin watan Agusta, suna yin kuskurena na ranar nan, ƙafa a kan totur har ƙasa, mota tana haƙa wa kanta rami. Ɗaga ƙafa, da haƙa, da shimfiɗa, da miƙe sitiyari, da lilo, duka suna aiki a nan kamar can. Bambancin da ke akwai shi ne, a rairayi rage iskar taya yana taimako ƙwarai, har akan sauke ta wajen rabi domin tayar ta baje ta hau bisa maimakon ta nitse, muddin akwai famfon da za a mai da iskar da an hau titi, kuma ba a yi gudu ko shan kwana da ƙarfi ba kafin nan. A dusa kuwa amfaninsa kaɗan ne. Laka ita ma da nata hali, takan cike zanen taya ta mai da ita sumul, ta kuma tsotse motar ta riƙe, saboda haka sau da yawa sai an ɗaga ƙafar da jak, an ɗora jak ɗin bisa faffaɗan katako, an cika ramin da duwatsu da itace, kana a sauke. Kada a yarda kowa ya sa hannu ko kai ƙarƙashin motar da ke kan jak a ƙasa mai laushi.

Ina roƙon malamai, idan ɗan gundumarku ya zo sallama zai tafi ƙasar sanyi, ku karanta masa sashen da ya yi maganar salansa da hayaƙi, ku sa shi ya maimaita muku da bakinsa kafin ya tashi.